Tambaya da Amsa: In koma makaranta ko in faɗa harkar fim?

TAMBAYA: Salam Malam. Na gama NCE a kwalejin Shehu Shagari nan Sakkwato, ni dai tun ina sakandare wasan kwaikwayo shi ne abin da nake so, yanzu abokaina suna ta cewa in wuce Kano kawai in shiga Kannywood wai ba a tambayar takarda, Baba kuma ya ce digiri ko ba komai. Mi ya kamata in yi? Daga wani matashi, Mabera.

AMSA: Wa alaikassalam ɗana. Abokanka ba su yi ƙarya ba, darakta ba ya tambayar satifiket, sai dai ba su gaya maka yadda sabon shiga ke wuni a lokeshan, wato wajen ɗaukar fim, yana riƙe wa wani jaka ba, a ƙarshe a sa shi a fitowa ɗaya ya ce "ranka ya daɗe" shi ke nan, kuɗin mota ma da ƙyar.

Ni dai ina bayan Baba. Da NCE ɗinka za ka iya cike Dairek Entiri na JAMB ka fara daga aji biyu, ABU Zariya da BUK Kano duk suna da sashen wasan kwaikwayo, Jos kuma akwai makarantar koyon fim ta gwamnatin tarayya. Can za ka koyi rubuta labari da ba da umarni, su ne ke ciyar da mutum ran da aka daina kiransa aktin. In so samu ne ka zaɓi BUK, kana karatu kana leƙa lokeshan ran Asabar, amma fa ka faɗa wa Baba kwas ɗin tun kafin ka sayi fom.