Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Nono da Madara ga Yaron da Ya Wuce Shekara Ɗaya

Tambaya: Likita, ɗana yana da wata 14. Wata rana sau uku yake shan nono, wata rana kuma ya kai sau takwas. Sau nawa ya kamata ya sha? (Wata uwa daga Funtuwa)

Amsa: Malama, babu adadin da aka ƙayyade, kuma duka biyun da kika ambata daidai ne. Yaron da ya fara tafiya yakan shagala da wasa ya manta da nono, ranar da haƙori ya dame shi kuma ya maƙale miki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema har ya cika shekara biyu ko ya wuce, abin da ya zo daidai da shekara biyu cikakku da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Sai dai tsakanin wata 12 da wata 24, nono yana biya masa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na abin da jikinsa yake buƙata, sauran daga kwano zai fito. Saboda haka ki mayar da hankali ga ƙidayar abinci: sau uku zuwa huɗu a rana, kowane ci ya kai kofi ɗaya ko ya kusa, sannan a tsakani ki ba shi ayaba, gwanda, ƙosai ko dafaffen dankali. Ki zuba masa a kwanonsa daban, domin a tiren yayyensa ba za ki san abin da ya shiga cikinsa ba. Ki riƙa kai shi awo, idan nauyinsa ya tsaya wata biyu a jere a duba shi.

Tambaya: 'Yata mai wata 18 tana tashi sau biyu cikin dare ta sha nono. Yunwa ce? (Wata uwa daga Bauci)

Amsa: Galibi sabo ne da neman ɗumin jikinki, kuma babu laifi a ciki. Ki tabbatar ta ci abinci mai kauri da yamma, ki kuma goge mata haƙora safe da dare.

Tambaya: Mun yaye yaronmu yana da wata 20. Madara nawa zai sha a rana, kuma dole ne sai ta gwangwani ta yara? (Wani magidanci daga Maraɗi)

Amsa: Malam, kofi ɗaya zuwa biyu a rana ya wadatar, kada dai ya wuce rabin lita. Madarar shanu ba ta da sinadarin ƙarfe mai yawa, kuma yaron da ya cika cikinsa da ita ba zai ci wake, ƙwai, hanta ko kifi ba, sai a wayi gari tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari saboda ƙarancin jini. Madarar gwangwani mai tsada da ake tallatawa don yaran da suka wuce shekara ɗaya ba dole ba ce, kuɗinta ya fi amfani a kan ƙwai da waken suya. Madarar da aka tatso daga saniya ko akuya ta isa, da sharaɗin a tafasa ta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka da wasu zazzaɓi masu wuyar magani daga dabba. Kindirmo ma yana da kyau idan da tafasasshiyar madara aka yi shi, amma ku yi hattara da nonon talla da aka tsinka da ruwan da ba ku san asalinsa ba. Madara mai kauri mai zaƙi ta masu shayi kusan rabinta sukari ne, ba ta dace da yaro ba, shi kansa shayin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci. A ba shi a kofi, a ajiye fida.

Tambaya: Likita, ina da cikin wata biyu alhali ɗana yana da wata 13. Surukata ta ce nonona ya lalace, idan ya ci gaba da sha zai sha ciki ya lalace, don haka gobe za ta tafi da shi yaye, ni kuma in shafa maɗaci a nono. Yaya zan yi? (Wata uwa daga Gumel)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali, don haka zan daɗe a kanta. Ciki ba ya lalata nono, kuma babu wata guba da take gangarowa daga mahaifa ta shiga cikinsa. Abin da yake faruwa shi ne, idan ciki ya kai wata huɗu zuwa biyar ruwan nonon yakan ragu, ɗanɗanonsa ya ɗan canza, har wasu yaran su bari da kansu. Macen da cikinta yake lafiya za ta iya ci gaba da shayarwa, muddin tana cin abinci isasshe, tana zuwa awon ciki, tana kuma shan maganin ƙarin jini da ake ba ta. Wadda take zubar da jini, ko ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ce mata tagwaye ne, ita ce za ta fara tuntuɓar likita kafin ta ci gaba.

To, me ya sa iyayenmu suka yarda da shan ciki? Domin sun ga yaran kwanika suna lalacewa da idonsu, kuma ba ƙarya suka yi ba. Inda aka samu kuskure shi ne wajen gano dalili. Yaron da aka cire daga nono rana ɗaya, aka raba shi da uwarsa, aka kai shi gidan da bai saba ba, yakan yi kwanaki yana kuka yana ƙin abinci, abin da ake ɗura masa kuma koko ne tsararo wanda yawancinsa ruwa ne. Ya rasa kashi ɗaya cikin uku na abincinsa, ya rasa kariyar da nono yake ba shi daga cututtuka, sai zawo ya shigo ya ƙarasa sauran. Ita kanta kalmar kwashiyoko, sunan da muke kiran tamowa mai kumburi da shi a asibiti, daga harshen Ga na Gana ta fito, tana nufin ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa na tafe, kuma Dakta Cicely Williams ce ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935.

Na sha karɓar irin waɗannan yara mako shida ko takwas bayan yaye. Kakar za ta kwanto shi daga baya tana cewa ai ya yi ƙiba, ni kuma in danna babban yatsana a bayan ƙafarsa, in ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi. Wannan kumburin tamowa ne, kuma yana kisa.

Shawarata ita ce kada ki bari a tafi da shi gobe. Ki sa maigidanki ya yi wa mahaifiyarsa magana cikin ladabi, ko ku je awo tare da ita ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya, domin ita ma alheri take nufin jikanta da shi. Idan ke da kanki kika gaji kina son yaye, ki yi shi a hankali cikin makonni: ki fara janye shan rana ɗaya bayan ɗaya, na dare ya zama na ƙarshe, kina maye gurbin kowanne da kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken suya, da ƙwai, da faten wake mai manja da zogale, da kofin madara. Maɗaci, barkono da sauran abin ɗaci kuwa kada su kusanci nononki, suna ƙona fatarki da bakin yaron. Idan kika ga ƙafafunsa sun kumbura, ko yana ramewa, ko ya ƙi abinci kwana biyu, ki kai shi asibiti ranar. Za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi, idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yana buƙatar magani nan take. Ina sake faɗa, kumburin ƙafa ba abin jira ba ne.

Tambaya: Idan yaro yana zawo, a dakatar da nono? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: A'a, a ƙara masa ma. A haɗa da ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Idan idonsa ya zurma, ko ya kasa sha, ko aka ga jini a kashin, a garzaya asibiti.

Tambaya: An kawo mini jikana yaye, yana da wata 19, ba ya barin kowa ya runtsa. Mai kemis ya ba ni maganin mura mai sa barci, ina haɗa masa da jiƙo. Akwai matsala? (Wata kaka daga Birnin Kebbi)

Amsa: Hajiya, don Allah ki daina daga daren yau. Wai har yaushe za a riƙa sayar wa mutane maganin barci don a rufe bakin yaron da kewar uwarsa kawai take damunsa? Irin waɗannan magunguna ba a ba yaron da bai kai shekara biyu ba, domin suna iya danne masa numfashi yana cikin barci, jiƙon kuma babu wanda ya san ƙarfinsa ko abin da zai yi wa hanta da ƙodarsa. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 wani maganin haƙori na ruwa da ya gurɓata ya kashe yara sama da 80 a Najeriya, iyayensu ma sauƙi suka nema musu. Ki goya shi, ki ba shi abinci mai kauri da kofin madara kafin ya kwanta, in da hali uwarsa ta zo ta kwana kusa da shi. Idan kuma kika ga yana wuyar tashi daga barci, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko fitsarinsa ya ragu, ki ɗauki kwalbar maganin ku tafi asibiti tare da ita.