Bar geji a shago, ka saurari kwamfureso tukuna

Ɗana na ga saƙonka tun da rana, muna kan wani aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce firijin Hajiyar nan ya daina sanyi, fitilar ciki tana kamawa, a baya kuma kana jin ya ɗan yi gurnani sai ya yi ƙas ya yi shiru, bayan ƴan mintuna ya sake, ita kuma ta dage gas ne ya ƙare a zuba mata, kana tambaya ko ka ɗauki gwangwanin gas da geji, agogon auna matsin gas, ka je ka cika. Kar ka ɗauka. Mita za ka ɗauka da kilam, wato mitar da ake maƙalawa a waya don auna wutar da ake ja, da sukurudireba, shi ke nan.

Abin da nake so ya zauna maka a kai tun yanzu, gas ɗin firiji ba ya ƙarewa, ba irin na girki ba ne da wuta ke cinyewa. A rufe yake ruf cikin bututu. Kwamfureso, injin nan da ke gindin firiji ta baya, ya matsa shi ya yi zafi, ya bi kwandensa ta baya ya huce ya zama ruwa, ya ratsa draya mai tace danshi da datti ya shiga siririn bututun nan kafilari, ya fita cikin ebaboreta, farantin sanyi na cikin firiza, ya kwashe zafin da ke cikin firijin, ya dawo wa kwamfureso, haka zai yi ta zagaye shekara da shekaru ba ya raguwa ko giram ɗaya. In ka ga ya ragu to akwai huda a wani wuri, in kuwa ka zuba sabo ba ka nemo hudar ba, sati biyu ko wata guda Hajiya za ta kira ka kuma ba da murya mai daɗi ba. Kwastoma suna cewa gas ne don ita ce kaɗai kalmar da suka sani, kuma mu masu sana'ar mu muka koya musu, saboda shi ne kuɗin da ake karɓa da sauri ba musu.

To ƙarar da ka ji ma ta riga ta gaya maka ba maganar gas ba ce. Firijin da gas ɗinsa ya zube kwamfureso yana tashi lafiya lau, ya yi ta gudu ba hutu, sanyi ne kawai babu. Naka ko tashi bai yi ba. Gurnanin nan ƙoƙarin juyawa yake ya kasa, yana jan wuta mai yawa, obalod, ɗan abin da ke yanke wuta in ta yi yawa, ya yi zafi ya yanke, shi ne ƙas ɗin da kake ji, in ya huce ya sake haɗawa a sake wani zagayen. Abu uku ne ke kawo haka yawanci, ko wuta ba ƙarfi, ko rile mai taimaka wa kwamfureso tashi ya mutu, ko kwamfureson da kansa ya ƙage ko ya ƙone, kuma a wannan jerin za ka bi su domin mai arha ne a gaba.

Fara da soket. Firijinmu na 220 zuwa 240 ne, amma ka san halin wutar unguwanni da yamma in kowa ya kunna fanka da hita, sai ka auna ka ga 170 ko ƙasa da haka, kwan fitila zai kama amma kwamfureso ba zai iya ɗagawa ba. Kuma kar ka auna firiji a kashe kawai ka ce lafiya, bar mitar a jiki ka kalli yadda lambar ke faɗuwa daidai lokacin da yake gurnanin, nan ne gaskiyar take. Ka duba ko a kan doguwar ekstenshan mai siririyar waya aka jona shi, ko bakin fulogi ya yi baƙi ya narke. Ka tambaya ko da ƙaramin janareta suke kunna shi, don kwamfureso lokacin tashi yana jan wuta ninki biyar ko fiye na abin da yake ci in yana gudu, ƙaramin inji sai ya durƙusa. In sun ce NEPA na ɗaukewa tana dawowa nan take, shi ma yana jawo wannan ƙas ɗin, saboda matsin gas bai daidaita ba kuma rilen bai huce ba, sai an ba shi minti 3 zuwa 5. Shi ya sa kullum nake ce wa mutane su sayi sitabilaiza mai dile, wato mai ɗan jinkirta ba da wuta, ba don in ci kwamisho ba.

In wuta ta cika, cire fulogi, kuma ka cire da hannunka ba ka ce wa yaron gida ya kashe ba. Buɗe baƙin murfin da ke gefen kwamfureso, zaro rile ka kai kunne ka girgiza. In ka ji yana kacau kacau kamar da tsakuwa a ciki, ɗan farantin da ke cikinsa ya farfashe, magana ta ƙare. Wani ma da hanci za ka gane, warin ƙuna. In bai yi ƙara ba sa masa mita, irin na PTC, mai ɗan farantin nan, in ya huce yawanci za ka samu om 15 ko 22 ko 33, yana rubuce a jikinsa. Obalod kuma in ya huce dole ya nuna a haɗe yake. In akwai kafasita duba ko ta kumbura, ka sauke cajinta kafin ka taɓa.

Sai fil ukun nan na jikin kwamfureso, C da S da R. Auna su biyu biyu ka rubuta a takarda, kar ka ce za ka riƙe a ka. Lamba mafi girma ita ce tsakanin S da R, kuma dole ta zama jimlar sauran biyun, misali ka samu 10 da 15 to ta ukun 25 ce, fil ɗin da ba ya cikin babbar lambar shi ne C. In ɗaya bai nuna komai ba waya ta tsinke a ciki, amma fa ka bari ƙarfen ya huce kafin ka yanke hukunci. Daga nan kankare fenti kaɗan a jikin bututu ko gangar, ka auna kowane fil da jiki, bai kamata mita ta motsa ba ko kaɗan, in ta motsa ya yi at, wato wuta tana zuba a jikin ƙarfen, wannan firijin zai iya jan mutum, kar ka mayar da shi a wuta ko da Hajiya za ta yi kuka. Wani abu kuma, in ka tarar da ɗan akwatin bod a gefe kuma duka ukun lambarsu ɗaya, to inbata ne, wanda bod ɗin ke sarrafa gudunsa, irin sababbin LG da Samsung da Hisense ɗin nan, haka aka yi shi ba lalacewa ya yi ba, kuma kada ka kuskura ka ba shi wuta kai tsaye.

Komai ya yi daidai, sa sabon rile da obalod daidai da ƙarfin kwamfureson, maƙala kilam a waya ɗaya ka kunna. Ƙaramin firijin gida in ya tashi za ka ga amfiya ta yi tsalle ta sauko kusa da 1 ko ƙasa. In ta haye 6 ko 8 ta tsaya can har obalod ya yanke, ya ƙage, sai canji. Na san akwai masu buga masa guduma ko su sa babbar kafasita su tayar da shi dole, wani lokaci yana tashi kam, amma ka gaya wa mai shi gaskiya cewa kwanansa ƙidayayye ne. Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne cire obalod a haɗa waya kai tsaye, wannan gobara ake haɗa wa mutane a kicin suna barci.

Yanzu bari in gaya maka yadda na gas yake in ka gamu da shi gobe. Kwamfureso na gudu ba ya tsayawa, ka ɗora tafin hannu a kwandensa ka ji ɗumi ɗumi kawai a sama ko ma babu, ka buɗe firiza ka ga ƙanƙara ta kama wani ɗan lungu inda kafilari ya shigo sauran farantin a bushe, amfiya ta yi ƙasa da yadda ta saba. Amma toshewar kafilari ko draya ma kusan haka take nunawa, nan ne yara da yawa ke faɗawa, su zuba gas a kan gas. Bambancin, kashe firijin ka kasa kunne ka kalli geji, mai lafiya za ka ji ɗan kukan ruwa a bututu allura ta hau da sauri, mai toshewa shiru allura ta zauna ƙasa tana hawa da ƙyar. Wanda kuma ke sanyi ya daina, a kashe ya huce ya dawo, danshi ne ke daskarewa a bakin kafilari, aikin wanda ya zuba gas bai yi bakyum ba, wato bai zuƙe iska da danshin cikin layi ba.

Huda kuwa nemi inda mai ya yi naso a wurin walda, ka shafa kumfar sabulu. Ka leƙa farantin firiza da kyau, rabin hudar da ke zuwa mana wuƙa ce, ana sassaƙar ƙanƙara don a ciro nama ko ƙullin zoɓo. In za ka matsa layi don gwaji naitirojin ake sawa, iskar oksijin ta walda in ta haɗu da man kwamfureso fashewa take yi, ba wasa nake ba. Duk layin da ka buɗe sabuwar draya, bakyum na gaske, sannan ka karanta takardar da ke manne a jikin firijin. R134a daban R600a daban, mansu ma ba ɗaya ba ne, ba a gauraya su. R600a ɗin nan ɗan uwan gas ɗin girki ne yana kama wuta, ba a kai masa tocin walda sai an yanke bututu da kata an fitar da shi a fili an wanke layin, kuma ɗan kaɗan ake sawa, wani firijin giram 40 wani 70, da sikeli ake zubawa ba da ido ba. In ka ga raɓa ko ƙanƙara ta biyo bututun dawowa har gindin kwamfureso ka cika shi da yawa. Tsofaffi masu R12 kuwa, an daɗe da daina yin wannan gas a ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montreal ta 1987, in ka ci karo da irinsu kira ni.

Akwai kuma wanda ba abin da ya same shi, zafi ne kawai ya fi ƙarfinsa. Duba takardar nan za ka ga N ko ST ko T. Mai N an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST 38, T kuma 43. Na Beljiyam da yawa N ne ko SN, wanda shi ma 32 ne iyakarsa, a kawo shi Kano ko Sakkwato a watan Afrilu a cusa shi lungu jikin bango kusa da risho, ƙura ta lulluɓe kwandensa, roban ƙofa ya saki, yara na buɗewa kowane minti. Janyo shi daga bango, goge ƙurar, sa takarda a bakin ƙofa ka rufe ka ja, in ta zare ba turjiya roba ya mutu.

Marasa ƙanƙarar nan masu fanka kuma, in aka ce firiza na sanyi ƙasa ba ya yi, kusan kullum ka cire murfin bayan firiza za ka tarar ƙanƙara ta cushe ebaboreta iska ba ta wucewa, ko fankar ta tsaya. Hitar da ke narkar da ƙanƙarar za ka auna da fiyus ɗinta da taima ko sensa. A kashe shi kwana guda zai dawo daidai na ɗan lokaci, kar ka karɓi kuɗi a kan wannan ka ce ka gyara. Ruwa a ƙarƙashin akwatin kayan miya kuma ramin magudana ne ya toshe, ruwan ɗumi da siririyar waya sun isa.

Injin wanke kwanukan da ka ce Hajiya ta nuna maka shi ma ba ya zubar da ruwa, kar ka kwance komai tukuna. Zaro matatar da ke ƙasan ciki ka wanke, za ka sha mamakin shinkafa da ƙashin kifi da maiƙon da ke wurin, ka duba tiyon fita ko ya lanƙwashe, ka leƙa bakin famfon ko fasasshen gilas ya maƙale a farfela, a hankali da yatsa. Ka kuma tambayi mai aikin gidan wane sabulu take sawa, in na wanki ne ko na ruwa mai kumfa to kumfar ce ke hana famfon ja, shi nasa sabulun daban ne.

Gobe ka je da safe kafin wuta ta yi rauni, sannan in da hali ka sake aunawa da yamma. Turo min boltej na soket, da lambobin fil ukun, da hoton takardar jikin kwamfureso. In rile ne ka biya Sabon Gari ka sayo tare da obalod ɗinsa, ka tafi da tsohon a aljihu don a ba ka irinsa, ka caji Hajiya kuɗin rile da na aikinka, kuma ka ba ta mataccen a hannu ta girgiza ta ji da kunnenta.