Amsa: Me ake gani a Louisville in ban da KFC?

Malam, ka ce za ka je taro Louisville a jihar Kentucky kuma kana tambaya ko akwai abin kallo, ai garin Muhammad Ali ne fa! Nan aka haife shi a 1942, nan aka binne shi a 2016 a makabartar Cave Hill, inda shi ma Kanar Sanders mai kajin KFC yake kwance. Akwai Muhammad Ali Center a bakin kogin Ohio, tun 2005 aka buɗe, ni dai da wannan zan ce ka fara, don ba dambe kaɗai suka nuna ba, har musuluntarsa da ƙin zuwa yaƙin Biyetnam duk suna ciki. Filin jirgin da za ka sauka ma sunansa aka sa masa a 2019.

In kana son sukuwa sai Churchill Downs, tun 1875 ake tseren Kentucky Derby duk shekara, Asabar ɗin farko ta watan Mayu, amma lokacin kuɗin otal sai ka riƙe baki wallahi.

Da yamma ka hau gadar Big Four, da can ta jirgin ƙasa ce tun 1895, yanzu an mai da ita ta masu tafiya a ƙafa da keke, kyauta ne kuma kana tsallakawa ka shiga jihar Indiana. Katangar nan da za ka gani kusa da kogi kuwa ta tare ruwa ce, bayan ambaliyar 1937 da ta cinye yawancin garin aka gina ta.