Zauren Masu Karatu: Ina son zuwa Japan kallon mawaƙan da nake ƙauna

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mazaunin Aboabo a Kumasi, sana'ata gyaran wayar hannu a Adum. Tun ina sakandare nake sauraron ƙungiyar mawaƙan rok ta Japan mai suna ONE OK ROCK, kuma har yau babu kiɗan da ya kwanta mini a rai kamar nasu. Na daɗe ina zubin susu, yanzu abin da na tara ya kai in fara tunanin zuwa in gan su ido da ido, tunda gani ya kori ji. Wasu abokaina sun ce in nufi Tokyo, wasu sun ce in jira su zo Turai, wani kuma ya ce in sayi tikitin jirgi tun da wuri kafin ya yi tsada. Mahaifina bai san da maganar ba, ina tunanin in ce masa sarin kayan waya zan je. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Zan fara da shawarar abokin nan naka na ƙarshe, domin ita ce za ta iya cinye susun naka ba ka ga komai ba. Kada ka sayi tikitin jirgi yanzu. Abubuwa uku ake nema a irin wannan tafiya, wato tikitin shiga wurin wasa, da biza, da kujerar jirgi, kuma a haka suke bin juna, saboda kujerar jirgi ce kaɗai ke samuwa duk ranar da mutum ya riƙe kuɗinsa. Wanda ya biya jirgi alhali ba shi da tabbacin shiga zauren wasa, cinikin biri a sama ya yi.

Dalili shi ne yadda ake sayar da tikitin manyan wasanni a Japan ya sha bamban da abin da muka saba da shi, inda mai kuɗi kan je ƙofa ya biya ya shige. A can ƙuri'a ake yi. Mutum zai shigar da sunansa a cikin 'yan kwanakin da aka ware, ya zaɓi rana da garin da yake so, sannan ya jira sakamako, ko dai a ce ya dace ko a ce bai dace ba. Zagayen farko na 'yan ƙungiyar masoya ne, waɗanda ke biyan kuɗin zama mamba, daga nan sai wasu zagaye su biyo baya, abin da ya rage kuma shi ake sakewa ga kowa da kowa, wanda a wasan mashahuran mawaƙa ba ya daɗewa yake ƙarewa. Mawaƙan da kake so ba ƙanana ba ne. An kafa ƙungiyarsu a Tokyo a 2005, kuma a 2018 sun yi wasa a Tokyo Dome, filin da ke ɗaukar mutum kusan 55,000, saboda haka kada girman wurin ya ruɗe ka ka ɗauka kujera za ta yi saura.

Wata matsalar kuma ta fi shafar baƙo. Manyan kamfanonin sayar da tikiti a ƙasar, irin su e+ da Ticket Pia da Lawson Ticket, sukan buƙaci lambar wayar Japan domin su tantance mai saye ta hanyar saƙo, kuma sau da yawa a kantunan unguwa irin su Lawson ko 7-Eleven ake biya ko karɓar tikitin. Kai da ke zaune a Kumasi da layin Ghana, nan ne za ka ci karo da bango. Mafita ita ce ka riƙa bibiyar shafin mawaƙan na ainihi, domin a wasu rangadin ana buɗe wata ƙofa ta daban da Turanci ga masu zuwa daga ƙasashen waje, inda ake biya da katin banki. Ka je bankinka tun yanzu ka tabbatar katinka na iya biyan kuɗi a ƙasar waje, domin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ba za ta yi maka aiki a nan ba, kuma wanda ya ci ƙuri'a bai biya a kan lokaci ba, soke masa ake yi. Ka rubuta sunanka daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, saboda a wasanni da yawa ana duba shaida a bakin ƙofa.

Idan tikiti ya samu, sai biza. Ɗan Ghana na buƙatar biza kafin ya shiga Japan, kuma ofishin jakadancinsu a Accra yake, don haka ka sa tafiyar Accra da kwana a can cikin lissafinka. Bizar gajeren zama za ka nema. Za a so ganin fasfo, da hoto, da takardar banki, da shaidar sana'arka, da jadawalin da ke nuna inda za ka kwana da abin da za ka yi kowace rana. Akwai abubuwa biyu da ya kamata ka riƙe. Na farko, bizar shiga sau ɗaya wata uku take yi daga ranar da aka bayar da ita, ke nan ko da ka ci ƙuri'a tun wata shida kafin wasa, sai lokaci ya matso za ka nema. Na biyu, idan aka hana ka ba a faɗa maka dalili, kuma ba za a sake karɓar buƙatarka a kan dalilin tafiya iri ɗaya ba sai bayan wata shida. Wannan ya sa dole ka shirya takardunka da kyau tun karon farko.

A nan ne susunka ke da rauni. Ma'aikacin jakadanci ba ya ganin katin mai karɓar susu, abin da ke cikin asusun banki yake gani, kuma kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu rana ɗaya, mako guda kafin neman biza, zargi yake jawowa. Ka fara zuba cinikin shagonka a banki tun yanzu domin a ga shiga da fitar kuɗi na watanni. Idan shagon yana da rajista, ka haɗa da takardar, tunda abin da suke so su gamsu da shi shi ne kana da abin da zai dawo da kai gida. Ka faɗi gaskiyar dalilin tafiyarka, ka liƙa shaidar tikitin wasan a jikin jadawalin. Zuwa kallon mawaƙa dalili ne sananne a wurinsu, ya kuma fi ƙagaggen labarin taro ko kasuwanci ƙarfi nesa ba kusa ba. Dillalan biza masu cewa suna da hanya a ciki kuwa, ka yi nesa da su. Yawanci ana karɓar takardar ajiye kujerar jirgi a madadin tikitin da aka biya, don haka ka jinkirta biyan har fasfonka ya dawo hannunka.

Batun Turai da abokanka suka kawo ba wasa ba ne. Mawaƙan nan sun sha yin wasa a Landan da Faris, a can kuma yawanci ba a yin ƙuri'a, wanda ya riga saye shi ke samu, ga jirgi kai tsaye daga Accra na awa shida zuwa bakwai. Wahalar tana wajen biza. Kuɗin bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai da dama, ya zama yuro 90 tun watan Yunin 2024, ba a mayar da shi idan an hana mutum, ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, sannan a 'yan shekarun nan fiye da kashi 40 cikin 100 na masu nema daga Ghana hana su ake yi. Ingila kuwa bizarta daban ce, ta Schengen ba ta shiga da kai Landan. A ganina, matashin da zai yi irin wannan tafiya sau ɗaya a shekaru, idan har ya samu tikiti ta halattacciyar hanya, gara ya je Japan ɗin, inda mawaƙan ke gaban mutanensu, a manyan filaye, kowa na amsa waƙa da harshen da aka rera ta. Idan ƙuri'a ta ƙi, ka duba bikin kaɗe-kaɗe na Summer Sonic da aka fara a shekarar 2000, wanda akan yi a watan Agusta a Chiba da Osaka. Tikitinsa ya fi sauƙin samu ga baƙo, sai dai jerin mawaƙan na sauyawa kowace shekara, saboda haka sai ka ga sunansu a ciki kafin ka biya.

Babu jirgin da ke tashi daga Accra ya dire Japan kai tsaye. Za ka bi ta Addis Ababa ko Dubai ko Doha ko Istanbul, kuma tafiyar da jiran da ke tsakani na iya cin yini da dare. Japan ta riga Ghana da awa 9, don haka ka isa aƙalla kwana biyu kafin wasa, kada barci ya kwashe ka a daidai lokacin da ka kashe dukiyarka dominsa. Ka guji ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu da tsakiyar Agusta in da hali, lokutan hutunsu ne, masauki kan yi tsada. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma lokacin guguwar teku ne, wadda kan sa a ɗage wasa, kuma masu shiryawa kuɗin tikiti kawai suke mayarwa, ba ruwansu da jirginka da otal. Guzurin kilishi ka bar shi a gida, domin an hana shiga ƙasar da nama. Fasfonka kuma ya kasance a jikinka kullum, haka dokarsu ta ce ga baƙi.

Ranar wasa ka fita da wuri. Manyan wasanni kan fara ne da misalin ƙarfe biyar zuwa bakwai na yamma, kuma idan an ce shida to shida ne, ba irin shidanmu ba. A mafi yawansu an hana ɗaukar hoto ko bidiyo, ma'aikata na iya fitar da wanda ya karya dokar, abin da na san zai yi wa mai sana'ar waya ciwo. Jiragen ƙasa na daina aiki wajen tsakar dare, saboda haka ka nemi masauki kusa da layin da zai mayar da kai. Lokacin wasan zai ci Magariba, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ga matafiyi tun kafin ka tashi, ka kuma sani cewa alƙibla a Tokyo yamma take ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda ka saba. Akwai ɗakunan salla a filayen jirgin Narita da Haneda, ga kuma babban masallacin Tokyo Camii a unguwar Yoyogi-Uehara idan Juma'a ta riske ka. Ka kula da abinci, domin romon taliyarsu ta ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, kuma suna sa giyar shinkafa a girki, sai ka nemi gidajen abinci masu alamar halal.

Saura maganar Baba. Kada ka ce masa sari za ka je. Zango ƙarami ne, hoto ɗaya a wayar abokinka ya isa ya kai labari gida kafin ka sauka daga jirgi, kuma dattijo ya fi jin zafin ƙaryar fiye da tafiyar kanta. Ka same shi a natse, ko ka bi ta hannun kawu ko wani babba da yake jin maganarsa, ka nuna masa cewa kuɗin guminka ne, ba jarin shago ka taɓa ba, ga ranar tafiya ga ranar dawowa. Mai yiwuwa abin da ke ransa tsoron kada ka tafi ka ƙi dawowa ne, ko kuma ƙin kiɗan ne saboda addini, kowanne kuwa da irin amsar da ta dace da shi. Idan ya ƙi, ka ba shi lokaci, mawaƙan nan kusan kowace shekara suna kan hanya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Nima, Accra. Na haɗu da wani a Facebook wanda ya ce yana da tikitin wasan wata ƙungiyar rok a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo, zai sayar mini a kan ninki biyu na kuɗinsa idan na tura rabi yanzu. Ya turo mini hoton tikitin. In tura?

Amsa: Kada ki tura ko sisi, 'yata. Hoton tikiti ba tikiti ba ne, mutum ɗaya na iya tura wa mutum ashirin hoto guda. Ko da na gaske ne, tun watan Yunin 2019 Japan ta fara aiki da dokar da ta haramta kasuwancin sake sayar da irin waɗannan tikiti sama da farashinsu ba da izinin masu shirya wasa ba, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yen miliyan ɗaya ko duka biyun. Hukuncin a kan mai sayarwa yake, amma asarar a kanki za ta faɗa, domin idan sunan da ke jikin tikitin bai dace da na fasfonki ba, a bakin ƙofa za a tsayar da ke bayan kin ƙetare rabin duniya. Budokan, wanda aka gina domin gasar judo ta Olamfik ta 1964, mutum 14,000 da 'yan kai yake ɗauka, shi ya sa tikitinsa ke wuya kuma 'yan damfara ke son ambaton sunansa. Masu shirya wasanni da yawa na buɗe dandalin musaya na hukuma idan rana ta matso, inda wanda ba zai samu zuwa ba yake mayar da tikitinsa a sayar a kan ainihin farashinsa, a kuma sauya shi zuwa sunan sabon mai shi. Ki duba shafin ƙungiyar ki ga ko sun sanar da irin wannan da ranar da za a buɗe, sannan ki nuna wa wani babba a gida saƙonnin mutumin nan kafin ki toshe shi.