Rigar alharini za ta iya cajin waya?

Tambaya: Malam, na ga wani bidiyo a Facebook ana cewa an ƙera rigar siliki mai ajiye wuta, har ana jona mata waya. Ni mai ɗinkin hannu ne a Zariya. Gaskiya ne ko zuƙi ta malle?

Amsa: Malam, akwai gaskiya a ciki, amma an ƙara gishiri sosai.

Siliki a yadda ka san shi, wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa. Zaren da tsutsa ke fitarwa furotin ne. Abin da masana ke yi shi ne su gasa shi a tanderun da aka hana iska shiga, da zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, har ya koma gawayi. Gawayin nan ba irin na murhu ba ne. Yana fitowa da ƙananan ƙofofi masu ɗimbin yawa, ga naitirojin da ya gada daga furotin, don haka wuta na ratsa shi, kuma tana samun wurin maƙalewa. Abin mamaki, idan ƙyalle aka gasa, saƙarsa ba ta wargajewa, yana nan yana lanƙwasuwa.

A 2015 masana a Cibiyar Fasaha ta Beijin sun yi irin wannan gawayi suka gwada shi a batirin litiyam. A 2016 kuwa wasu a Jami'ar Tsinghua suka fesa sinadarin girafin (wani siririn abu mai ƙarfi, ɗan'uwan gawayi) a ganyen da tsutsotsin siliki ke ci, zaren ya fito da ƙarin ƙarfi. A Jami'ar Wollongong ta Ostireliya an bi wata hanya a 2017: an narkar da silikin aka yi siririn batiri da shi da magniziyam, wanda ke narkewa bayan ya gama aiki. Na'urorin da likitoci ke sakawa a jikin mutum aka nufa da shi, ba waya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin abin da ake ɗinkawa a tufafi ma'ajiyar wuta ce mai saurin cika da saurin ƙarewa, kuma a nauyi ɗaya ba ta ɗaukar ko kashi ɗaya cikin goma na abin da batirin litiyam ke ɗauka. Ta isa ta riƙe 'yar na'urar auna bugun zuciya. Waya mai 5,000 mAh (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka) ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Ga gumi, ga wanki. Ka yi tunanin a kai irin wannan riga wajen mabuga!

Af, zaren tsamiya da kuke yin aska takwas da shi ma siliki ne, sai dai na daji, daga wata tsutsa daban. Binciken da na ambata na tsutsar da ake kiwo ne.

Kada ka saki fawa bank ɗinka tukuna. Duk wanda ya tallata maka irin wannan riga, tambaye shi mAh nawa take ɗauka, kuma wanki nawa take jurewa.