Dalilin da ya sa ƙura ke tayar da asma

Malama, kin tambayi abin da ke tayar da asmar ɗanki duk hunturu, ko da bai yi mura ba. Garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar abin da ke cikin ƙura a matsayin cuta. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira mast, waɗanda ke bangon hanyoyin iska ɗauke da IgE (wani sinadarin garkuwa da ke gane abin da ke cikin ƙurar), suna sakin wani sinadari mai suna histamin cikin mintuna, sai hanyoyin su tsuke, ƙirji ya riƙa fito. Bayan wasu sa'o'i wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira iyosinofil su taru, su kawo kumburi da majina mai kauri. Kumburin nan ya fi damuna, domin salbutamol, maganin da ake shaƙa idan asma ta tashi, buɗe hanya kawai yake yi. Maganin shaƙa mai sitiroyid, wanda likita zai rubuta, shi ke kwantar da shi.