Ku Tambayi Anti: Yarana Sun Maƙale wa Shirin Iyaye Maza na Koriya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Yarana uku ne: babbar shekararta 13, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 9, sai auta mai shekara 4. Babbar ce ta jajibo mana wani shirin Koriya a YouTube, wai shi The Return of Superman, inda ake nuna fitattun maza suna rainon 'ya'yansu, matan ba sa gida. Yanzu kullum bayan isha'i sai sun karɓe mini waya. Ni dai ban ga abin assha a ciki ba, amma Abbansu ya ce a daina, wai ana koya wa yara raina uba. Shekaranjiya kuma namijin ya ce mini, me ya sa Abba ba ya dafa mana abinci kamar baban 'yan uku? Anti, in hana su ne ko in ƙyale su?

Maman yara uku, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wasiƙarki ta sa ni murmushi, don baban 'yan ukun nan ai tsohon sananne ne a falukanmu. Shi ne Song Il-gook, jarumin fim ɗin Jumong, wanda muka sha hana idonmu barci saboda shi. Mutumin da muka saba gani da kwari da baka, sai ga shi da cokali yana bin yara uku. Ni ma da jikata ta nuna mini sai da na gyara zama.

Shirin na tashar KBS ne ta Koriya ta Kudu, an fara shi a 2013. Tsarin da ya yi suna da shi shi ne uwa ta bar gida na awa 48, uba ya ji da wanka da girki da kukan dare. Ba haka kawai ya karɓu a can ba. Ƙasa ce da aiki ke cinye maza har yaro ya yi barci bai ga ubansa ba, sai a 2018 doka ta fara taƙaita aikin mako zuwa awa 52. Haihuwa kuma ta ja baya sosai, a 2023 lissafin 'ya'ya ya sauka zuwa 0.72 ga kowace mace, wato bai kai ɗa ɗaya ba. Kin ga ke nan manya aka yi wa shirin, ana lallashin maza su dawo gida, ana kwaɗaita wa ma'aurata haihuwa. Yaran da ke ciki ne suka sa ake masa kallon shirin yara.

Gaskiyarki, ba shirin batsa ba ne. Abin da za ki ci karo da shi bai wuce wankan ƙananan yara, da abincin da ba namu ba har da naman alade, da al'adarsu ta kai goshi ƙasa a gaida manya ranar sabuwar shekara ba. Waɗannan duk bayanin minti biyu ne, ki ce musu mu ga yadda muke yi.

Inda hankalina ya fi tsayawa shi ne tambayar ɗanki. Yaron nan ya ɗauki awa 48 ya auna ubansa da su, alhali shi baban 'yan uku a bakin aikinsa yake. Biyansa ake yi. Gidan cike yake da kyamarori, masu ɗaukar hoto na ɓoye a cikin 'yan tantuna a kusurwar falo, har yaran sun saba suna kiransu kawu. In an gama, masu tace hoto su zauna su tsince inda aka yi dariya da inda aka yi hawaye, su ɗora kiɗa da rubutu mai launi. Lokacin da uban ya gaji ya yi tsaki, ko ya kama waya ya manta da kowa, wa ya sani ko ya shiga kwandon shara? Shi kuwa Abbansu ba mai tace masa rana. Yadda ya dawo daga kasuwa ko ofis da ƙura da tunanin kuɗin makaranta, haka yara za su gan shi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tela ne. Ban taɓa ganinsa a bakin murhu ba. Amma duk jajibirin sallah sai ya ture ɗinkin mutane ya kwana a kan kekensa saboda namu, da asuba ya tashe mu mu gwada. Da za a ɗauke shi a kyamara, ba abin da za a gani sai ƙeyar mutum da fitilar ƙwai. Irin wannan ne ɗan shekara 9 ba ya iya gani sai an nuna masa, kuma ke ce mai nunawa.

Sai dai ki gaya wa Abbansu, cikin ladabi, cewa Anti ba ta bi shi duka ba. Namiji ya goya ɗansa ko ya dama masa kunu ba faɗuwar girma ba ce. An tambayi Nana A'isha me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. In tambayar yaron ta ɗan sosa masa rai, to ya soya musu ƙwai ranar wata Asabar, ko da zai ƙone. Za su fi shekara suna ba da labari.

Akwai kuma yaran da ke cikin shirin, waɗanda ba wanda ya nemi izininsu. 'Yan ukun nan an haife su a 2012, sun bar shirin a 2016, amma kukansu da wankansu na nan a intanet har gobe. A wannan shekarar ta 2016 hukumar kula da talabijin ta Sin ta taka wa irin waɗannan shirye-shirye na 'ya'yan taurari burki. Faransa kuma a 2020 ta yi dokar da ta ce a adana wa yaran da ke fitowa a bidiyon intanet kuɗinsu, kuma suna da damar cewa a goge hotunansu. Wannan hirar da babbar za ki yi ta, don ita ce ta kusa fara ɗaukar auta tana ɗorawa a TikTok.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. 'Yar shekara 13 ta kalla, amma ba kullum ba, kuma a falo, ba cikin bargo ba, don YouTube ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Yana gama wannan zai miƙo wani. Namijin ya kalla in kina kusa, kina yi kina tambayarsa: wa yake riƙe da kyamara? Wa ya share gidan nan kafin a fara ɗauka? Auta kuwa ba ruwanta da shi, tunda ba ta jin yaren, ba ta karanta fassarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta ce mai shekara 2 zuwa 4 kada zaman kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini.

Kafin duk wannan, ki shawo kan Abbansu ya zauna ya kalli kashi ɗaya tare da ku, tunda shi ya ce a daina. Ki zaɓi wanda 'yan ukun suka watse wa babansu a waje, kowa ya kama gabansa, yana gudu yana kiran suna. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.